Tokar da Ka Watsa a Gonar Baba

Yaya Rabilu,

Assalamu alaikum. Ina Inna, ina Maimunatu da yara? Yaya damina a Dumega? Ni nan hamada lafiya lau, sai ɗan tari da ke hana ni doguwar magana.

Na ji tokar nan buhu huɗu da ka kwashe ranar da ka bar aikinmu na toya ƙasa, ka watsa ta a gonar Baba, wadda ka hana ni rabona. Wai taki ce, wai wuta ta tsarkake ta.

Jiya injiniya ya yi mana bayani. Gurɓatacciyar ƙasar da muke toyawa, ɗanyen mai kawai wuta ke cinyewa a cikinta. Zaiba tana tashi da hayaƙi, ita ce a ƙirjina. Dalma da iraniyom, ƙarafa masu guba, ba su ƙonewa, cikin toka suke taruwa, su ne a gonarka.

Don Allah Inna da yara su riƙa ci gidan Kawu. Kai kuwa ka rantse gonar taka ce kai ɗai. To, hatsin bana ka ci kai ɗai. Allah shi ba da yabanya.

Ƙanenka,
Mus'ab