Kat-kat ɗinka Tana Nan, Baban Ummi

Zuwa ga mijina, Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Garwa lafiya lau, yara suna karatu, Ummi ta zama budurwa. Na san ba a aika wa mamaci saƙo, amma akwai labarin da ba wanda nake so in ba sai kai. Labarin motarka ne.

Ka tuna ranar da ka kawo ta? Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji ruri a ƙofar gida kamar injin niƙa. Na leƙo, sai ga ka cikin wata tsohuwar kat-kat, irin motar dajin nan mai ja da taya huɗu. Fara ce a da, amma rana ta mayar da ita launin kunu, ƙofar bayanta ma da igiya aka ɗaure. Ka ce a hannun masu haƙa rijiyoyi ka saye ta, ta gama musu aiki a dazukan Tibati. Ni da na sa rai a shekarar za a gyara rufin ɗakina, na koma ciki ko sannu da zuwa ban yi maka ba. Ka biyo ni kana dariya, ka ce, "Hajara, ba tsufa ta yi ba, duniya ta gani."

Ta wahalar da kai, kada ka musa. Yau tana zubar da mai, gobe ta ƙi tashi sai maƙwabta sun tura. Garejin abokinka Umaru makanike ya zama gidanka na biyu. Amma da damina ta sauka, ƙananan motoci suka daina shiga hanyar gonarmu ta bayan Ngong, ita kaɗai take ratsa laka ta dawo da masara. Ban taɓa ce maka ka yi gaskiya ba. Ka dai lura na daina mita.

Bayan rasuwarka ta zauna ƙarƙashin dalbejiya har na fita takaba. Tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Yaya Sani, wanka, ya kawo masu saye, kuma wallahi da kyakkyawar niyya. Ni kuwa na roƙa a sa ta cikin rabonmu da yara. Ya dube ni ya ce, "Hajara, mace da wannan dodon? Ko maza ma tsoron ta suke." Na ce masa zan koya.

Umaru ne ya koya mini, a wani fili kusa da kogin Binuwai, Ummi tana zaune a baya tana ta salati duk lokacin da na taka birki. Sitiyarin nan kamar ana kokawa da sa. Na sha faɗuwa jarrabawa kafin in samu permi, wato lasisin tuƙi. Abu ɗaya ne na ƙi: Umaru ya ce in jawo kujera gaba don ƙafata ta kai sosai, na ce a'a. Yadda ka bar ta, daidai tsawonka, haka na bar ta. Sai dai in sa filo a bayana.

To, ga abin da ya faru a daminar bana.

Na je gona da safe bayan wani ruwa mai ƙarfi. Ina duba gyaɗa sai ga Marta, maƙwabciyarmu ta gona, wadda kake kai wa taki a mota. Ta zo a guje ba ko ɗankwali. Ta ce, "Maman Ummi, ki taimake ni, kububuwa ta sari Daniyel!" Mijinta ke nan. Muka tarar da shi zaune a kunya, ƙafa ta fara kumbura, yana ta ce mana ba komai. Manoma suka ɗauko shi suka kwantar a bayan mota.

Ka san mayon nan, rafin da ke tsakanin gona da babban titi. Da safe ruwansa iya idon sawu ne na ƙetare. Da muka dawo ya kawo, ja wur, yana tafe da karmami. Masu babura sun yi cirko-cirko a gaɓa. Wani dattijo ya ce, "Hajiya, ki jira ya janye." Na waiwaya na ga Daniyel yana tofar da yawu da jini. Marta ta riƙe kansa tana addu'a da yarensu.

Na sauka na murɗa makullan tayoyin gaba kamar yadda na sha ganin kana yi. Na hau, na ja ƙaramin giya. Sai na ga da filon nan ƙafata ba za ta zauna a kan totur ba. Baban Ummi, na jefar da filon, na sa hannu a ƙasa na jawo kujerarka gaba. Ta yi ƙara da ƙyar, don ta daɗe ba a taɓa ta ba.

Na tuna abin da kake faɗi duk lokacin da na rufe ido a wurin nan: "In an shiga ruwa, kada a saki totur, kada kuma a danne shi." Na yi bismilla na shiga. Ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa har ya jiƙa mini zane. A tsakiya bayanta ya goce, amma ban ɗaga ƙafa ba. Ta yi gurnani, ta kama ƙasa, ta hau gaɓa.

A asibitin Ngong aka yi masa allurar maganin dafi. Ya yi jinya, amma ya tashi, yanzu har ya koma noma yana ɗan ɗingishi. Ni kuwa da aka shiga da shi, na dawo cikin mota na kifa kaina a sitiyari na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'izarka. Ka yafe mini kujerar. Ban mayar da ita baya ba.

Labarin ya kai har Mindif wurin Inna, mahaifiyarka. Ka san tun da ka tafi ba ta tako Garwa ba, ta ce ba za ta iya ganin gidan babu kai ba. Shekaranjiya ta kira ni. Ta ce, "Hajara, an ce kin iya motar ɗana. Ki zo ki ɗauke ni da ita. A gaba zan zauna." Na kai wa Umaru ita ya duba birki, na sayi tabarma sabuwa na shimfiɗa a ɗakinka. Jibi in Allah ya yarda zan kama hanya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka. Yadda ba ka taɓa wuce mai tafiya a ƙasa ba sai ka rage masa hanya, Allah ya sauƙaƙa maka taka hanyar, ya haɗa mu a Aljanna. Amin.

Taka har kullum,
Hajara, Maman Ummi