Kalma ɗaya na rage, yanzu ana farautar bawan Allah

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ki ɓoye sunana don girman Allah. Shawararku nake nema da gaggawa.

Shekarata ashirin, a Gusau nake. Da na gama sakandare na shiga koyon lalle a shagon wata mata da muke kira Anti. Ashe bayan lalle tana duba da wasu katuna masu hotuna, a ɗakin ciki. Na san haramun ne, kada ku fara da zagina. Ta jawo ni jiki, tana ce min ƙanwata, ta koya min ma'anar kowane hoto. Kullum faɗanmu ɗaya, ni ina son in yi wa mutum bayani dalla-dalla, ita kuma ta ce mai duba ba ya ƙarasa magana, a faɗi rabi a yi shiru, mai tambaya zai cika da abin da ke ransa.

Ranar Talata wata dattijuwa, Inna Hajo, ta zo daga wani ƙauye kusa da 'Yankuzo. Ɓarayin daji sun ɗauke ɗanta a hanyar Tsafe, wata guda ba labari. Anti ta ce ni zan duba mata. Katin da ya fito saurayi ne riƙe da kofi, ma'anarsa saƙon alheri na tafe. Har na ji daɗi. Amma sai na yi yadda aka koya min, na rage murya na ce, “Akwai mai labari a kusa da ku.” Na yi shiru.

Inna ta zaro ido ta ce, “Ɗiyata, mai kaiwa ko mai kawowa?”

Na buɗe baki in ce mai kawowa, Anti ta taka min ƙafa ta ce, “Inna, ai ke ma kin san amsar.”

Duk ɗan Zamfara ya san abin da mai kai labari yake nufi. Infoma. Inna ta koma gida ta ce an duba mata a birni, maƙwabcinta Malam Bala ne, mai cajin waya, tunda wayoyin gari duk a hannunsa suke kwana. Jiya da safe jikarta ta kira ni, wai samari sun fasa masa shago, shi ya tsere wajen 'yan uwansa a Bungudu, matarsa da 'ya'ya uku ko rijiya ba sa iya zuwa. Wai har can ana cigiyar gidan da ya ɓuya.

Na sami Anti ina kuka, na ce mu kira Inna mu gyara maganar. Ta ce idan muka janye wa zai sake yarda da dubanta. Da na matsa sai ta ce ita dai lalle take yi, ni na riƙe kati, daga bakina maganar ta fito, kuma in na kuskura na ambaci sunanta, da ƙafarta za ta je ta gaya wa babana. Matar da nake wanke wa kaya, nake goya mata ɗa.

Babana shi ke jan salla a masallacin layinmu, yana da hawan jini. Lalle kawai ya san ina koya. Inna kuma ba ta da waya, jikar ta ce ko na aika saƙo ba za a yarda ba, sai dai in je da kaina in faɗa gaban mai gari, kuma sai da babban namiji zan shiga wajen.

Babban namijin da nake da shi babana ne kaɗai.

To 'yan uwa, in durƙusa gabansa yau in faɗa masa komai, ko akwai wata hanyar da ban gani ba? In na je ƙauyen, anya ba za su juyo kaina ba? Kada ku ce in jira abin ya lafa. Ni zan iya jira, Malam Bala ne ban sani ba ko zai kai Juma'a.