Ganyen Gaisuwa

Litinin, 13 ga Janairu
Gobe hawan dutse na kwana uku, da baƙi biyu 'yan Holan. Limunga, 'yar marigayi yayana, ita ce mai ɗaukar kaya. Likita a garin Buea ya ce yanar ido ce ta kama mini idon dama, hagun ma ta fara. Ban gaya wa kowa ba. In ƙungiyar masu jagora ta ji, katin aikina ya tafi. Shekara ashirin da shida ina shiga gaba a dutsen nan, ƙafata ta san shi ko babu ido.

Talata, 14 ga Janairu
A bakin kurmi muka tsaya gaida mai dutsen, wato aljanin da ke tsaronsa, kamar kullum. Na miƙa hannu in tsinko ganyen da ake rawar gaisuwa da shi, ashe mai ƙaiƙayi na damƙo. Wuta har gwiwar hannu. Ban yar ba. Da shi na yi rawar har ƙarshe, baƙi suna tafi. Limunga ba ta tafa ba.

Laraba, 15 ga Janairu
Da ƙyar nake riƙe biro. Da safe ta miƙo mini jiƙaƙƙen tsumma, wai "Mola (baffa ke nan a yarenmu), yaushe mai dutsen ya canja ganye ba a sanar da mu ba?" Na ce ta ji da kayanta.

Da rana gajimare ya sauko. A mararraba ta biyu na ɗauki hagu, baturiyar da ke cikin baƙin tana bin diddigina. Hagu rami ne, ni na san haka fiye da kowa, reshen da aka sa alamar hanya ne ban gani ba. Sai Limunga daga baya, da yarenmu, kamar mai neman gishiri: "Mola, fitsari za ka? To je ka, muna jiranka a dama."

Na tsaya bayan wata bishiya, babu fitsarin. Na ji tsoro. 'Yar mutane na kusa kashewa don kati.

Alhamis, 16 ga Janairu
Kwakokon da muka yi guzuri, dafaffen gwaza a ganye, ya yi tsami. Mun ci.

Juma'a, 17 ga Janairu
Jiya wajen saukowa na ce kafaɗarta ta gaji, ta ba ni kayan ta shiga gaba. Kafaɗarta lafiya lau. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma kalle ni ba. Tana da sauri, tana manta waiwayen baƙi, sai na gyara mata wannan.

A ofis suka ce sunan wa za a sa a tafiyar mako mai zuwa. Na ce Limunga a gaba, ni da kaya. Don ta koya ne kawai.