Hoton Cikin Hadiza

Daren Laraba, Maris 1996

Yau na raka jikata Hadiza hoton ciki. Likita na son ya ga ko kan wannan jaririn ma ya tara ruwa, kamar wanda ta rasa bara. Ganin tana mutsu-mutsu a layi, na ce, "Ke, tashi ki kewaya, kar ki jiƙa wa likita gado!"

Ta ce, "Kaka, ai an ce..." Na kore ta.

Ashe sai mara na cike hoton ke fitowa! Nas ta ce sai wata Larabar.

Har muka iso gida Maitumbi ina tsokanarta, ko murmushi. Bakina ya ƙara mata kwana bakwai na fargaba. Ranar Laraba zan ɓoye buta, in kama bakina.