Ruwan Jarkar Usaini

Kano, 6 ga Maris

Yayana Hambali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Kubra da yara. Ya jikin Baba, ya Inna? Na ji an sako ruwa a kanal ɗin Bunkure, Allah ya sa wa tumatir albarka.

Kullum tsokanata kake, wai shekara uku ina jami'a ina wasa da ruwan kala. To yau ka ji aikin. Muna da ƙwayoyin zinariya mitsi-mitsi, ido ba ya ganinsu, ruwansu ma ja ne kamar zoɓo. Akwai wasu kuma, dangin abin da ake yin farantin sola da shi, in an haska musu fitila sai su ba da haske kore. Muddin suna nesa da juna, hasken yana nan. Da sun matsu, zinariyar sai ta shanye shi. Mun haɗa su ne yadda maganin feshi zai jawo su wuri ɗaya.

Zuwana gida na ɗebo ruwa daga shuɗiyar jarkar nan, wadda marigayi Usaini yake zuwa gona da ita. Jiya na ɗiga shi a kwalba. Yaya, hasken ya mutu murus. Sau biyar ina maimaitawa. Ko ruwan kanal bai kashe shi haka ba.

Shekara guda ke nan ana cewa ƙaninmu iska ya taka a bakin kanal. Amma aman nan, da gumin, da dalalar yawu, duk alamun guba ne. Jarkar ta maganin feshi ce tun asali, kuma roba tana tsotse magani, wanki ba ya fitar da shi. Ga Baba har yau da ita yake shan ruwa don ta ɗansa ce. Don Allah ka ɗauke ta, ka ce ɓata ta yi.

Ƙanwarka,
Muhsina

Kano, 15 ga Maris

Yaya Hambali,

Sallama da fatan alheri gare ku duka. Ya ƙafar Inna?

Na samu amsarka. Ka ce Baba ya gano jarkar a rumbu, ya yi maka faɗa, ya mayar da ita ƙarƙashin mangwaro. Ka ce ya rantse tsarkakakkiya ce, tunda an wanke ta sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kuma hannun mai ilimi ne ya wanke ta. Kana tambayata ko na san wane malami ne.

Ba malami ba ne, Yaya. Ni ce.

Hutun da na yi kafin rasuwar, Usaini ya kawo min ita yana dariya, ya ce 'yar boko ta duba masa. Na wanke yadda Inna ta koya mana wanke kwanon da kare ya lasa, na sunsuna, na ce masa ya sha abinsa. Ina ji da kaina a lokacin. Tun ranar da na yi gwajin nan, duk sanda na rufe ɗakin aiki na kunna fitila, sai in ga kamar yana tsaye a bayana yana jiran in ce masa wani abu. Tsoro nake ji, da kunya.

Ƙarya ba za ta raba Baba da jarkar nan ba, don maganata ya riƙe. Ranar Juma'a zan zo da kwalaben da fitilar, ya gani da idonsa. Kar ka riga ni faɗa masa. Ni na ce ruwan lafiya lau ne, daga bakina ya kamata ya ji sauran. Kafin nan ka cika masa buta da ruwan rijiya kullum, ka tsaya har ya sha.

Ka gaishe da kowa. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Muhsina