Kunnen Lama a Shafi na Arba'in da Ɗaya

Zuwa ga: Mai Girma Sanata Remberto Zeballos Ibáñez,
Shugaban Kwamitin Majalisa Mai Bibiyar Ƙarfin Sojan Maƙwabta,
Babban Birni.

Daga: Eulogia Tarqui Yujra,
Ƙauyen Pampa Larama, Gundumar Bakin Iyaka.

Kwanan wata: 3 ga Satumba, 2012.

Game da: Sakacin Ɗan Majalisa Wilfredo Arancibia Luna, wanda ya jefa mijina hannun sojan maƙwabta, da roƙon a sa sunan mijin nawa cikin waɗanda za a yi musaya da su.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni ce matar Saturnino Callisaya, makiyayi ɗan shekara sittin da ɗaya, wanda yau kwanansa ɗari da bakwai a kurkukun soja na ƙasar da ke yamma da mu. An sanar cewa za a yi musayar fursunoni a gadar iyaka ranar 28 ga wannan wata, za a kuma rufe jerin sunaye ranar 17, kuma sai wanda hukuma ta amsa cewa nata ne za a rubuta. Kwamitinka bai amsa cewa mijina nasa ne ba. Ga yadda abin ya kasance:

1. A watan Maris na 2009 Honarabul Arancibia ya zo gidanmu. Ya ce Kwamitin na son sanin abin da maƙwabta ke ginawa a bayan Dutsen Ankasi, inda mijina ke kiwo tun yana yaro. Ya ba shi na'urar ɗaukar hoto, ya rantse cewa daga shi sai Allah za su san sunansa. Shekara uku mijina yana ƙirga motocin yaƙi yana ɗauko masa hotuna. Mutumin nan ya sha miyar busasshen dankali a kwanona, ya yi ƙari. Da aka zo askin fari na jikarmu shi muka miƙa wa almakashi, wanda Mai Girma ya san cewa a wurinmu ya zama ɗan gida ke nan har abada.

2. Ranar 8 ga Mayu, 2012, Kwamitin ya gabatar da rahotonsa a zauren Majalisa. Honarabul ya ɗaga hoton sabon sansanin makamai masu linzami a gaban 'yan talabijin, yana ta bugun ƙirji kamar shi ya hau dutsen. Hoton yana shafi na arba'in da ɗaya. An shafe sunan mijina da baƙar tawada, na yarda. Amma a gefen hagu na hoton ga kan lama, dabbar nan mai dogon wuya da muke kiwo, ga kunnenta, ga zaren da ke kunnen: ja biyu, kore ɗaya, baƙi a tsakiya. Ranka ya daɗe, a nan kowane gida da launinsa, duk shekara muke huda kunnuwan dabbobi mu ɗaura. Yaron da bai iya share majina ba, a wannan gefe ko a wancan, zai faɗa maka garken waye. Ni na murza zaren nan da hannuna, kuma wannan abu yana ci mini rai.

3. Ba rashin sani ba ne. Ranar da mijina ya miƙa hoton, a gabana, ya roƙi Honarabul ya yanke gefen. Sai ya yi dariya, ya dafa masa kafaɗa, ya ce ai dabbar ce ta ƙawata hoton, ita za ta nuna wa mutanen birni cewa ƙasarmu ce ake wa barazana. Ya ce mu mutanen tudu tsoro ya yi mana yawa.

4. Ranar Asabar 19 ga Mayu mijina ya kai ulu kasuwar iyaka, kamar yadda ya saba. Sojojin maƙwabta ba su tambayi sunan kowa ba. Sun shiga cikin dabbobin kaya suna kama kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, shafin rahotonku na hannun hafsansu. Mutanen da kuka ce kuna sa wa ido sun fi ku karanta takardarku.

5. Na zo ofishin Kwamitin ranar 4 ga Yuni, da 2 ga Yuli, da 13 ga Agusta, tafiyar kwana biyu a kan babbar mota kowane zuwa. Sau biyu sakatare yana ce mini babu mai wannan suna a fayil. To, ina za a gan shi, tunda ku kuka shafe? A zuwa na uku na yi kiciɓis da Honarabul a kan matattakala. Na kira shi uban askin jikata, kamar yadda ya dace. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya juya ya tambayi ɗan sandan bakin ƙofa wa ya bar 'yan talla suka shigo Majalisa. Ni ce 'yar talla! Wallahi ban taɓa tsanar ɗan Adam ba kamar yadda na tsane shi a kan matattakalar nan, kuma har gobe.

6. Ranar 26 ga Agusta limamin cocinmu ya sami izinin ganin mijina. Ya dawo ya ce sanyin ɗakin ya cinye wa mijina ƙafafu, ba ya iya tsayuwa sai an riƙe shi. Sojojin sun matsa masa ya faɗi wanda ya aike shi, ya ƙi. Shi yana can yana rufa wa Honarabul asiri, Honarabul yana nan yana yaƙin neman kujerar Sanata da hoton nan a jikin kowane bango.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

Ya rubuta wa Ma'aikatar da abin ya shafa kafin ranar 17 cewa Saturnino Callisaya mai ba Kwamitin shaida ne, a sa sunansa a jerin. Ina da wasiƙu goma sha ɗaya da Honarabul ya rubuta masa da hannunsa, idan fayil ɗinku bai wadatar ba. Na haɗo kwafin guda biyu. Sauran suna inda ba mai iya sa musu tawada, kuma idan ranar 17 ta wuce shiru, gidan rediyon gundumarmu zai karanta su ɗaya bayan ɗaya har ranar zaɓe.

Ya cire Honarabul Arancibia daga Kwamitin, a kuma tuhume shi a buɗaɗɗen zama. Ba zan ɓoye wa Mai Girma ba, ba gyara nake nema ba. So nake in ga an tozarta shi a zauren da ya yi bugun ƙirji, ina zaune a sahun gaba.

Ya kuma umarce shi ya zo gadar iyaka ranar 28 da kansa, ba wakili ba. Mijina ba zai iya taka gadar ba, dole wani ya goya shi, kuma bayan Honarabul nake so. Idan kuwa jinkirinku ya sa a akwati za su miƙo mini shi, to ya zo duk da haka, shi zai ɗauki akwatin ta wajen kai.

Ina fatan Mai Girma zai dubi wannan koke da idon rahama, ya yafe mini idan harshena ya yi kaifi.

Taka mai biyayya,

Eulogia Tarqui Yujra
(matar Saturnino Callisaya)