Karyar Kawu Ta Dawo Ita Kaɗai

Daga Katagum

Bappayo,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ba direban da ke kai muku ruwa wannan takarda, tunda waya ba ta shiga a dajin. Dunna, karyar Baba, ta dawo gida jiya ita kaɗai, ƙafafunta duk ƙaya. Ka san abin da ake cewa in kare ya dawo ba ubangidansa. Maƙwabta sun fara shigowa suna zama shiru, Inna ta kasa cin abinci. Ku kuka zo daga Azare kuka ɗauke tsoho mai hawan jini zuwa farauta. Don Allah ajiye wasan taubasai ka faɗa min gaskiya.

Ka huta lafiya.
Murja

Daga dajin Gamawa

Baiwata Murja,

Ubangidanki na gaishe ki, ki durƙusa ki amsa. A gaida Inna.

Kawu na nan garau, wallahi, kin ga har na rantse. Yanzu haka yana gindin kalgo yana ba yara labarin ɓaunar da ya kashe, wadda kowace shekara ƙahonta ke ƙara tsawo. Ke kin ɗauka nama ke kawo mu? Ni zomo guda na jefa, gorata ta samu ƙafar abokina Gidaɗo. Wani ya zo don a gan shi da layu, wani gudun cefane. Kawu kuwa haƙorin cin naman ma babu. Na tambaye shi me ya fito da shi, ya ce a gida kowa sannu yake masa, a nan ne kawai makaɗi ke kiran sunansa ya ji jikinsa ya tashi.

Ita Dunna ciki gare ta. Mun gaya masa, ya ce ƙiba ce, wai ya fi mu sanin kare. Da aka buga ganga kowa ya yi gabas, ita ta yi hanyar gida. Na san maganata ba ta da daraja a wurinki, to ki leƙa bayan rumbu.

Ubangidanki,
Bappayo

Daga Katagum

Bappayo,

Ina gaisuwa. Na leƙa. Ƙiba ta haifi ’ya’ya, suna nan idonsu a rufe. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ci tuwo, maƙwabta sun naɗe tabarminsu.

Inna ta ce kada ku hanzarto da Baba. A bar shi ya ji kiɗansa, ya dai riƙa shan magani.

Allah ya dawo da ku lafiya. Kai ma.
Murja